Sabis a Kan Kabarin Papaw

Shafi na 17

Masu turo min saƙo wai ina ci gaban labarin, ku yi haƙuri, sai na hau tudu kafin rubutu ya tafi, kuma jiya ruwa aka wuni ana yi. Ke kuma da kika rubuto cewa Burley ya burge ki, karanta na yau ki sake rubuto min.

*

Ƙarfe tara saura kwata muka iso maƙabarta.

A duk Kwarin Caudill nan kaɗai waya take kama sabis. Ba ma duk maƙabartar ba, daga kabarin kakanmu Papaw zuwa bishiyar da ke bayansa, taku shida. Mutumin da har ya mutu bai yarda an ja masa waya gida ba, yanzu duk mai son kiran likita sai ya zo kansa ya tsaya.

Ƙarfe goma daidai alƙalin can Ohio zai zauna kan maganar Opal, ta bidiyo. Idan yayata Dreama ta bayyana ta nuna takardunta, lauya ta ce akwai ɗan haske a dinga ba ta 'yarta ko da ƙarshen mako ne. Idan ba ta bayyana ba, Colt, tsohon mijinta, ya tafi da yarinyar ke nan gaba ɗaya.

Zaman farko da wayata muka shiga. Hoto ya daskare, murya ta dinga tsinkewa, kabarin Kawu Orville ya fito ɓaro-ɓaro a bayan kan Dreama. Alƙali ya cire tabarau ya ce nan gaba a zo masa da kwamfuta, a zauna a wuri na mutunci, kuma ba zai sake ɗagawa ba.

Ohio tafiyar awa biyar ce, motar kakarmu Mamaw kuwa ko gada ba ta hayewa sai ta yi tari. Laburaren gari tun ambaliyar bara ake cewa za a buɗe.

Sai Allah ya aiko mana Burley.

Ɗan kawuna ne. Sunan taba aka sa masa don a rumbun shanya taba babansa ya ji labarin haihuwarsa. Shekara uku ya yi a birnin Columbus, ya dawo wai sunansa Blake. Ya bar maganar kwarinmu, yanzu ta hanci yake magana kamar mai karanta hasashen yanayi. Tabarau ba na ciwon ido ba. Katin aiki rataye a wuya, har coci da shi yake zuwa. Kwana shida ke nan yana kai-komo a barandar Mamaw da waya a kunne yana cewa, "A tura min rahoton kafin Juma'a."

Babu sabis a barandar Mamaw. Na bar shi dai, na ce ƙila da mala'iku yake aiki.

"Ku sauke teburin nan," in ji shi. "A'a, nan. Haske daga gabas ya fi kyau wa fuska."

"Sabis dai a nan yake," na ce. "Gabas ba ta da ko sandar sabis ɗaya."

Muka kafa teburin coci mai naɗewa a gefen kan Papaw. Mamaw ta fito da farin zanin gado, wanda take shimfiɗa wa fasto idan ya kwana, ta goge shi har da sitaci. Muka ɗaure shi tsakanin bishiya da sandar tuta, ya rufe kaburbura duka. Wurin mutunci ke nan.

Dreama ta zauna a kujerar roba. Rigar Lahadi, gashi a ɗaure, takardu a cinya. Wata goma sha huɗu ba ta sa ƙwaya a bakinta ba, kowane wata da takardar gwajinsa. Ta jera su, ta sake jerawa.

"Twyla, ya fuskata?"

"Kamar ta malamar makaranta."

"Da gaske?"

"Wadda ba a biya albashi ba."

Ta ɗan yi dariya.

Burley ya zuge jaka a hankali kamar mai ɗauko jariri. Ya ajiye kwamfutar, ya goge ta da wani ɗan ƙyalle da aka yi musamman don ita.

Tun ranar Alhamis nake cewa ya ba ni in haɗa ta. Jiya da yamma ma sai da na sake roƙo.

"Ba wayar 'yan kwari ba ce da kike ɓarewa da wuƙar man shanu," abin da ya ce min ke nan. "Na'urar kamfani ce. Minti biyar aikinta a hannun wanda ya sani."

Gaskiya ne, ni ban sani ba. Ina shekara sha shida na bar makaranta don jinyar Papaw. Abin da na iya a filin ajiye motoci na shagon da nake aiki na koya, da bidiyo, a lokacin hutun cin abinci. Rabin wayoyin kwarin nan dai ni na tayar da su. Amma ba ni da kati a wuya.

Ya danna. Allo ya yi haske.

"Na wanke ta tas," in ji shi. "Sabuwa fil ta koma. Yanzu za ta yi mana 'yan tambayoyi."

Ya karanta mana da ƙarfi, kamar mu ba mu iya karatu ba.

"Wace ƙasa kake?"

Mamaw ta leƙo. "Ita ba ta san inda take ba?"

"Tsari ne, Mamaw."

"Ubanka ma haka ya dinga tambaya da ya sha ya bugu. Ba mu ce masa tsari ba."

Ya zaɓi ƙasa. Ya zaɓi yare. Sai da ya tsaya ya yi mana bayanin bambancin madannan Amurka da na Ingila. Na kalli agogo. Tara da minti huɗu.

"Blake," na ce, don na san shi ne sunan da ke sa shi sauri, "wuce."

"Yanzu tana son intanet." Ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba. "Wayarki."

"Taka fa?"

"Tawa ta aiki ce, akwai sirrin kamfani. Ba a haɗa ta da komai."

Na buɗe data, na kunna rabawa, na ɗora wayar a kan dutsen Papaw, daidai kan harafin farko na sunansa, inda sanda biyu take zama.

"Saurara," na ce. "Gig uku ne ya rage min. Bidiyon kotu zai ci ɗaya. Da ta haɗu za ta nemi sabunta kanta, kada ka yarda. Akwai inda ake gaya mata data a ƙirge take."

Ya yi murmushin nan nasa.

"Twyla, Twyla. Irin wannan na'urar ta san kanta."

"To ni na san datata."

"A ofis ba ma tsallake sabuntawa. Maganar tsaro ce."

"Wa zai yi mana kutse a nan? Papaw?"

Kafin in rufe baki ya danna.

Allo ya koma shuɗi. Wasu ɗigo-ɗigo suka fara zagaye. A ƙasa aka rubuta: Ana shirya abubuwa. Kada a kashe.

Kashi biyu cikin ɗari.

"Me ta ce?" in ji Dreama.

"Ta ce ki jira."

"Har yaushe?"

"Minti biyar," in ji Burley.

Tara da kwata, kashi goma sha ɗaya.

Mamaw ta zagaya bayan zani tana gyara furannin roba a kan kaburbura tunda an zo an zo. Muna jin ta tana gaya wa Papaw labarin kaza da kare ya kama.

Dreama ta fara bita.

"Ranka ya daɗe, ina aiki a gidan wankin kaya kwana biyar a mako. Ina zuwa taron masu daina ƙwaya duk Talata. Na gyara mata ɗaki, na sa labule mai..." Ta tsaya. "Twyla, in faɗi maganar labule?"

"Faɗi."

"Ba zai ga kamar shirme ba?"

"Mai dawaki ne. Ita ta zaɓa. Faɗi."

"Tun tana shekara huɗu ta zaɓa. Yanzu shida take. Ƙila ma ta daina son dawaki."



Saƙon lauya ya shigo, Mis Ratliff. Kun shirya? Ku shiga da wuri.

Na rubuta mata, Muna kai.

Tara da minti ashirin da biyar, kashi ashirin da shida. Tara da rabi, kashi ashirin da shida.

"Ta tsaya," na ce.

"Ba ta tsaya ba. Tana aiki a ciki."

"Kamar kai."

Ya kurɓi kofinsa mai madarar da ba ta saniya ba. Gumi ya fara jiƙa masa wuyan riga, safiyar kuwa da sanyi. A lokacin na ɗauka tsoron agogo ne.

Sai ta yi tsalle. Sittin. Tamanin da takwas. Allo ya mutu, ya dawo, ya sake mutuwa.

"Kin gani?" Ya buɗe hannaye. "Haƙuri ne babban abin da ake koyo a wannan fannin."

Tara da minti arba'in da ɗaya allo ya tsaya.

Ba hoton da ya kamata ba ne. Wani jinjirin wata ne sanye da hular barci, yana murmushi, ƙarƙashinsa sunan wani kamfanin katifa.

Burley ya yi saurin sunkuyar da murfin. Na riƙe da hannu.

"Bari in karanta. Kai ka gaji da karanta mana."

"Twyla, ba komai ba ne, ɗan..."

"Wannan na'urar mallakar kamfanin nan ce. A shiga da asusun ma'aikaci."

Dreama ta kalle shi. "To ai kai ma'aikaci ne. Shiga mana."

Bai motsa ba.

"Burley, shiga. Saura minti sha takwas."

Ya ja kujera. Ya rubuta sunansa, yatsunsa na zamewa. Ya sa kalmar sirri. Ɗigo suka zagaya sau biyu, rubutu ya fito da ja.

Shi ma na karanta.

"An rufe wannan asusun. An kulle wannan na'urar. A mayar da ita ga kamfani ta wannan lambar."

Iska ta kaɗa zanin gado. Mamaw ta fito daga bayansa da furen roba a hannu.

"Kuskure ne daga can," in ji shi. "Bari in kira sashen..."

Ya ciro wayarsa. Na fizge. A saman allon an rubuta babu layi, a kan kabarin Papaw, inda ko wayar Mamaw mai murfi take ƙara.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ba ki da hurumin..."

"Tun yaushe, Burley?"

Maganar hancin ta tafi. Muryar kwarinmu ce ta fito, irin wadda yake kuka da ita muna yara.

"Layin, tun Afrilu."

"Aikin fa?"

"Fabrairu."

"Wane aiki ne? Faɗa wa Mamaw. Ta gaya wa duk coci injiniya ne kai."

Ya kalli takalminsa.

"Waya nake ɗagawa."

"Wayar wa?"

"Mutanen da katifarsu ta lotsa."

Mamaw ta zauna a kan dutsen Kawu Orville.

"Shekara uku," in ji ta. "Ɗan nan, shekara uku kana sauraron ƙorafin katifa, ni kuwa a kan tawa mai rami nake kwana ban taɓa kiran kowa ba."

"Sun rage mutane ne, Mamaw. Mu arba'in. Sun ce a mayar musu da kwamfuta, ni kuma na ce bayan duk abin da na yi musu..." Ya juyo gare ni. "Na wanke ta, Twyla. Na rantse na wanke ta sau biyu. Babu komai nasu a ciki."

"Ba a cikinta aka rubuta ba. A can wurinsu lambarta take. Ko sau ɗari ka wanke, da ta ga intanet gida za ta kira."

"Ban sani ba."

"Ni na sani. Bidiyon minti huɗu ne. Da ka ba ni ranar Alhamis da na gani ranar Alhamis, da na je na durƙusa wa matar fasto ta ara mana tata."

"Na ji tsoro kar ki gane."

"To ga shi na gane. Mun gane mu duka. Har Papaw."

"Taimako na so in yi."

"Ka so a gan ka kana taimako."

Dreama ta kawar da kai daga gare shi. Ta miƙe, takardu suka zube, ba ta duba ba.

"Twyla. Wayarki. Mu shiga da waya, ya yi faɗa in ya ga dama, ya gan ni dai."

Na ɗauko ta daga kan dutse. Ta yi zafi kamar an ciro ta daga tanda. Saƙo na jira a sama.

Datarki ta ƙare.

Na karanta sau biyu, ko na biyun zai zo da wani abu daban.

"Mene ne?"

Na nuna mata.

"Sayi wata."

"Da kati nake lodawa. Sai an je shago."

Shago tafiyar minti arba'in ne, ta san haka. Ita wayarta irin ta tallafin gwamnati ce, datarta tun sati na biyu take ƙarewa, ta kalli hotunan Opal da ita.

Tara da minti arba'in da tara.

Kira dai yana shiga ko babu data. Na kira Mis Ratliff, ba ta ɗaga ba. Na rubuta mata abin da ya faru a layi biyu, ban sa sunan Burley ba don babu lokacin rubuta zagi. Na ce ko alƙali zai karɓi murya kawai.

Amsa ta zo nan take.

Na tambayi magatakarda. Hoto ko babu. Ki nemo mata hoto ko a ina ne.

Dreama ta zauna a ƙasa, a kan ciyawa, da rigar Lahadi.

"Shi ke nan," in ji ta.

Ba kuka take ba. Da kukan ne ma da na san abin da zan yi.

"Wata goma sha huɗu, Twyla. Na yi fitsari a kofi sau goma sha huɗu wata mata tana tsaye a kaina tana kallo."

"Na sani."

"Za a gaya mata ban zo ba. Ba za a ce mata kwamfuta ba. Cewa za a yi mamanki ba ta zo ba."

Burley ya cire katin wuyansa ya rasa inda zai ajiye, ya sa a aljihu.

Mamaw ta share hannu a jikin siket.

"Geneva," in ji ta.

Muka kalle ta.

Duk wanda ya san kwarin nan ya san wayar intanet ta biyo titi daga gari, ta zo gidan Geneva Slone a gindin tudu ta ɗaya ɓangaren, ta tsaya. Masu ja suka ce daga nan gidaje sun yi nisa, ba riba. Gidanta ne na ƙarshe.

Geneva ita ce mahaifiyar Colt.

"A'a," in ji Dreama.

"Minti bakwai ne a mota."

"Mamaw, ita ta kira 'yan sanda ranar nan. Ita ce shaidarsa yau. Yanzu haka tana cikin zaman kotun."

"To ai kin ga intanet ɗinta na aiki."

"Ba za ta ba ni ba."

"Benci ɗaya muka zauna da ita a coci shekara talatin. Da mijinta ya rasu ni na dafa waken zaman makoki. Tashi."

"Mamaw..."

"Dreama Faye, tashi na ce. Ko kunya za ki ji yau, ko ki rasa 'yarki."

Ta tashi. Na tattara takardun, biyu sun jiƙe da raɓa.

"Ni fa?" in ji Burley.

"Tsaya da na'urarka," na ce. "An ce kada a kashe."

Muka bar shi a gaban teburin coci, farin zani na kaɗawa a bayansa, jinjirin wata na masa murmushi.

Ni na ja motar. Hanyar tsakuwa ce mai kwana tara, a kwana na huɗu motar ta yi tarinta, na roƙe ta da sunan duk wanda na sani a maƙabarta, ta ci gaba. Mamaw na addu'a da ƙarfi. Dreama na gyara gashi a madubin da ya tsage.

"In ta ce a'a fa?"

"Ni na haɗa mata intanet ɗin shekara biyu da suka wuce," na ce. "Ranar haihuwar Opal na sa mata a matsayin kalmar sirri. Ƙila ba sai mun tambaya ba."

Goma da minti biyu na taka birki a gaban akwatin wasiƙunta.

Wayata ta gano intanet ɗin tun daga titi. Sanda huɗu cif, ban taɓa ganin wayata da sanda huɗu a gundumar nan ba. Sunan ya canza. Yanzu KakarOpal ake ce masa, da ɗan kwaɗo a gefe.

Na sa ranar haihuwar.

Ba daidai ba.

Na juya wata da rana.

Ba daidai ba.

"Colt ya canza," na ce.

Dreama ta riga ta fita.

Muka hau baranda mu uku. Ƙofar katako a buɗe take, ta raga ce kawai a rufe, ana ganin har kicin. Ga Geneva zaune a teburin cin abinci, an yi mata gashi, ta sa sarƙar zuwa coci. Allonta na hannu a jingine da gwangwanin sukari, fuskarsa na kallonta, gefensa na kallonmu.

Muryar alƙali ta fito daga ciki tar, kamar yana zaune a kicin ɗin.

"Dreama Caudill. Kira na biyu."

Geneva ta ɗago ta gan mu. Ba ta firgita ba. Ta miƙa yatsa ta taɓa ƙasan allo, sannan ta jingina da kujera.

Dreama ta dafa ragar da tafin hannu biyu.

"Mis Geneva."

Geneva ta mayar da ido kan allo.

"Mis Geneva, don Allah. Ba sai na shigo ba. Kalmar sirrin kawai, a nan waje zan tsaya, ko a titi."

"Kin sha wani abu ne?"

"Wata goma sha huɗu ban sha ba. Ga takardu, duba, Twyla nuna mata..."

"Gwiwarki duk ciyawa."

"A maƙabarta muke, kwamfutar ce ta..."

"Kullum da abin da ya faru. Tun ranar da ya kawo ki gidan nan, kullum da abin da ya faru."

Mamaw ta matso. "Geneva, ni ce Verlie. Dube ni."

"Na gan ki, Verlie. Ba ke ce kika tsinci yarinyar a kujerar bayan mota ba, uwarta a sume a gaba, gilashi a rufe, a watan Yuli. Ni na tsince ta."

Babu wanda ya ce ƙarya ne, don ba ƙarya ba ne.

"Na sani," in ji Dreama. "Na sani, Mis Geneva. Ki faɗa masa haka, ki faɗa duka, ba zan musa ba. Ki bar ni dai ya ga na zo."

Daga cikin allo na ji muryar Mis Ratliff tana roƙon minti biyar. Na ji lauyan Colt yana cewa haka aka yi wancan karon. Takarda ta yi ƙara.

"Misis Slone," in ji alƙali. "An ce ke maƙwabciyarsu ce. Ko kin san inda take da safen nan?"

Geneva ta gyara sarƙa. Idonta a kan Dreama ta miƙa yatsa ta taɓa allo.

"Ranka ya daɗe, tun Kirsimeti ban sa ta a ido ba."

Ta sake taɓawa. Duka bai fi numfashi ɗaya ba.

Dreama ta ƙwala ihu da duk abin da ya rage a ƙirjinta.

"Ga ni! Ranka ya daɗe, ga ni nan! Dreama ce! Na zo!"

Karen maƙwabta ya ɗauki haushi. Mamaw na dukan raga da tafin hannu. Dreama na faɗin sunan Opal, tana faɗin gidan wankin kaya, tana faɗin labule mai dawaki.

Ni ban yi ihu ba. Daga inda nake tsaye ina hango kusurwar allon, ina ganin ɗan jan hoton makirufo da aka ja wa layi.

Ni na koya mata wannan maɓallin. A kan teburin nan, da wainar masara a gabana, sau uku ina maimaita mata har ta iya. Na ce Mis Geneva, in ya yi ja, ko gidan ne yake cin wuta ba mai jin ki.

Alƙali ya yi gyaran murya.

"Ƙarfe goma da minti bakwai. Magatakarda, rubuta cewa uwar yarinya..."